Na-Iya da Direban Sauti

A hawan ƙarshe na wani dogon bene akwai ɗan kamfani mai ƙera akwatunan sanarwa, irin waɗanda ake kafawa a bango su riƙa magana. Wani ya kira lambar mai jiran layi, wani ya faɗi hawan da lif ya iso, wani ya saki kiɗa. Cikin ma'aikatan kamfanin akwai wanda kowa ke kira Na-Iya, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Ko fanka ce ta tsaya, ko famfo ya ƙi ruwa, ko labari aka ji jirgin sama ya lalace a wata ƙasa, kafin mai magana ya rufe baki zai ce, "Wannan? Ai na iya."

Aikin da aka ɗauke shi ya yi bai wuce gwaji ba: ya kunna akwati, ya saurara, ya faɗi abin da ya ji. Amma a gida matarsa ta san cewa ranar da ya yi zazzaɓi rufe kamfanin ake yi.

Kowane akwati ƙaramar kwamfuta ce. A can cikinta akwai manhajar da ke juya komai, wadda suke kira kanel, a cikin kanel ɗin kuma akwai ɓangaren da ake ce wa direban sauti. Shi ke ɗaukar magana ya miƙa wa lasifika, shi ke karɓo ta daga makirfo. Wani dattijo da ake kira Mai Gilashi ne ya daɗe yana kula da wannan direba, kuma yana aiki lafiya lau, sai ƙaramin aibi guda: duk lokacin da akwati zai fara magana sai ya yi "ƙis" tukuna. Babu wanda abin ya dama sai Na-Iya.

Da Mai Gilashi ya tafi hutu, Madam, mai kamfanin, ta kira Na-Iya ofishinta.

"Gobe manajan babbar tashar mota zai zo ya ga akwatunanmu," in ji ta. "In ya yaba, duk tashar mu za mu yi wa aiki. In bai yaba ba, sai kowa ya fara neman inda zai nufa. Ga kalmar sirrin Mai Gilashi. In wani akwati ya sandare, ka kashe ka kunna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kashe, kunna. Direban nan ko da ido kada ka taɓa shi."

"Madam, ƙis ɗin nan fa..."

"Ƙis ɗin nan ya girme ka a kamfanin nan. Ka bar shi."

Da yamma ya shiga gida yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa kaɗan. Surukarsa, wadda ta zo musu kwana biyu, tana zaune a falo da carbi, matarsa tana ninke wanki.

"Ku taya ni murna," in ji shi. "An ɗora ni a kan direba."

Surukar ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Mota suka ba ka?"

"Ba mota ba, Inna. Direban sauti."

"Shi Sautin ina yake zuwa da har sai an tuƙa shi?"

"Inna, a cikin kwamfuta yake."

"To kai za ka tuƙa shi, ko shi zai tuƙa ka?"

Matarsa ta cusa fuska cikin zanen da take ninkewa, kafaɗunta suna rawa. Na-Iya ya ce bayani ba zai yi ba, sai an gani da ido. Su shirya gobe su zo ofis, su ga yadda za a tafa masa a gaban babban baƙo.

Washegari Madam ta fita karɓo takardun talla daga maɗaba'a. Ko ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa ba Na-Iya ya haye kujerar Mai Gilashi, ya naɗe hannun riga, ya buɗe direban sauti. Layukan rubutu suka cika allon, sun fi ƙarfin ƙirga.

Dogo, abokin aikinsa mai zana hotunan talla, ya leƙo ta bayansa. "Kai, ba an ce kada ka taɓa ba?"

"An ce kada in taɓa da ido. Da hannu nake taɓawa."

"Ka san me layukan nan ke yi?"

"Rabinsu ba sa komai. Tsofaffin nan tara tarkace gare su. Dubi wannan, an ce a jira kafin a buɗe lasifika. A jira wa? Ni ba na jira." Ya goge layin. Ya goge na ƙasansa don sun yi kama. Ya ga wani dogo mai cike da lambobi, ya ce wannan ma fuskarsa ba ta yi masa ba.

"To ka gwada a akwati ɗaya mana," in ji Dogo.

"Gwaji a akwati ɗaya aikin marasa tabbas ne."

Abin da ya sa maganar Dogo take da nauyi shi ne, duk benen nan akwatunan kamfanin ne a jikinsa. Akwai a cikin lif, akwai a ɗakin jiran likitan haƙori, akwai a shagon mai aski da ke ƙasa, akwai a kowane lungu, kuma duk daga kwamfutar Mai Gilashi ake aika musu sabon gyara. Na-Iya ya danna aikawa, ya miƙe ƙafa a kan tebur.

Ya kunna akwatin da ke ofis. Shiru.

"Ka ji ƙis?" in ji shi yana murmushi.

"Ban ji ba."

"To ka gani!"

"Ban ji komai ba, Na-Iya. Ko maganar ma babu."

Sai ga mai aski ya faɗo ofis da almakashi a hannu, yana haki don hawan bene. "Wa ya kashe mini kiɗa? Mutane suna zaune shiru suna jin ƙarar cikin juna!"

"Maigida, gyara ake," in ji Na-Iya. "Sai an share fili kafin a yi sabon gini. Koma ka zauna, yanzu za ka ji kiɗan da kunnenka bai taɓa ji ba."

Wannan alkawari kam ya cika shi. Ya mayar da layin lambobin nan da ka, yadda ya tuna shi, ya sake aikawa. Ashe lambar ita ce ke faɗin saurin da ake zuba sauti, shi kuma ya rubuta rabinta. Sauti ya dawo, amma yana jan ƙafa.

A cikin lif akwai muryar wata mace mai sanyi da ke cewa "an iso". Yanzu ta koma kamar ta bijimin da aka tasa daga barci. Wata tsohuwa ta shiga da jakarta, ƙofa ta rufe, daga sama aka ce da ita, "Aaaan... iiiisoooo." Ƙofa na buɗewa ta fito a guje ta bar takalmi ɗaya, tana cewa ita ba ta shirya ba tukuna. A wurin likitan haƙori kuwa, mutane suna zaune kowa riƙe da kunci, sai murya ta fito daga bango, mai kauri kamar daga ƙarƙashin ƙasa: "Maaai... laaambaaa... taaaraaa... kai... ake... jiraaa." Mai lamba tara ya dubi takardarsa, ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce haƙorin ya daina ciwo.

Likitar da kanta ta hauro, da abin rufe baki rataye a wuya.

"Wane ne mai kula da akwatunan nan?"

Dogo ya nuna Na-Iya da yatsa biyu.

"Likita, barka da zuwa," in ji Na-Iya. "Kin ji nauyin muryar? Irin wannan ake so yanzu, mai kwarjini."

"Kwarjininka ya korar mini marasa lafiya. Ɗaya ya fita da audugar a baki."

"To ai kin ga ya samu sauƙi."

"Ka gyara, ko in dawo da abin cire haƙori."

Tana fita Dogo ya ce, "Ka mayar da na Mai Gilashi kawai. Yana nan a ajiye, dannawa ɗaya ne."

"In koma baya? Ni? Kai dai ka tsaya a zane. Sauti ya yi sanyi, sai a ƙara masa wuta." Ya ninka lambar, ya duba ya ga kamar ba ta ƙoshi ba, ya sake ninkawa, ya ƙara mata kaɗan don albarka.

Muryar lif ta koma ta 'yan tsaki. "An'iso-an'iso!" Kiɗan mai aski ya fita da gudu kamar an biyo shi, har hannun mai askin ya fara bin saurin ba da saninsa ba. Akwatin likita ya kira lambobi a jere ba numfashi, mutum huɗu suka miƙe lokaci guda suka cushe a bakin ƙofa, kowa na cewa shi aka kira. Tsohuwar nan da ta dawo ɗaukar takalminta ta ji lif yana tsiwa, ta ce a bar musu takalmin sadaka.

Wayar ofis ta fara ruri. Na-Iya ya cire ta daga bango.

"An kusa," in ji shi, gumi yana bin wuyansa. "Na riga na gano inda tsohon nan ya ɓoye kuskuren. Ga shi nan, wani ɓangare guda na makirfo. Me makirfo yake yi a cikin aikin lasifika? Shi ke tare hanya."

"Na-Iya, don girman Allah."

"Dogo, in ba ka iya kallon tiyata, fita waje."

Kowane akwati yana da maɓallin kiran mai gadi. Sai an danna shi makirfo yake buɗewa, kuma wurin mai gadi kaɗai maganar ke zuwa. Ɓangaren da ke tsare wannan ƙa'ida shi Na-Iya ya share tas. Ya kuma dace, a karo na farko, ya rubuta lambar sauri daidai. Ya aika.

Sauti ya fito garau. Na-Iya ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa. Sai dai abin da ke fitowa daga akwatin ofis ba sanarwa ba ce, muryar wata mata ce a cikin lif tana gaya wa ƙawarta cewa jakar maƙwabciyarta ta aro ce. Duk makirfon benen ya buɗe, kowane ɗaki yana zuba wa wani.

A shagon aski wani mutum mai ƙiba, cikin shiga ta alfarma, yana kishingiɗe a kujera ido rufe, an aske masa gefen kai ɗaya. Sai ƙarar injin haƙori ta fashe daga bango daidai kunnensa, tare da wani ƙato yana kururuwa, "Wayyo likita, ba wannan ba ne!" Mutumin ya yi tsalle da mayafin aski a wuya, ya ture kwanon ruwa, ya tsaya a tsakiyar shago yana laluba bakinsa.

Mai aski ya ce, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, likitar sama ce. Ai kullum haka take, hannunta kamar na mai fasa dutse. Ni da in je wurinta gara in ba makaniki bakina."

Kowace kalma ta sauka a ɗakin jiran likita, tsaf, ba tangarɗa.

Likita ta matso jikin akwatinta. "Mai aski, kai ne? Kai da ka mayar da kan ƙanena kamar gonar da awaki suka shiga?"

"Kan ƙanenki dama a karkace aka kawo shi!"

"Maimaita!"

"Sauko in maimaita!"

Kafin wani lokaci duk benen ya ɗauka. Na hawa na biyu sun ji abin da na hawa na uku ke faɗa a kansu. Mai gadi ya ji ana cewa barci yake yi, ya farka ya ce ƙarya ne. Wani yana waya da matarsa yana rantsuwa yana asibiti, akwatin da ke kansa ya saki kiɗan shagon aski. Mutane suka fito matakala ana nuna juna da yatsa.

Dogo yana kwance a ƙasa yana riƙe ciki don dariya. Ya ɗago da ƙyar ya leƙa taga. "Ga motar Madam can. Ga kuma matarka da surukarka suna shigowa, sun sha ado."

Na-Iya ya sunkuci kwamfutar Mai Gilashi ya faɗa ɗan ɗakin ajiyar kaya, ya murza makulli. Ɗakin cike yake da kwalaye da wayoyi, a kan kanta kuma akwai akwatin gwaji guda, a kunne. Bai lura da shi ba.

A ƙasa kuwa Madam ta shigo harabar bene ta tarar da taro: likita da mai aski hanci da hanci, marasa lafiya, mai gadi, mata biyu cikin kwalliya suna raba ido. A tsakiyarsu ga mai ƙiban nan da rabin kai a aske. Takardun talla suka zube daga hannunta.

"Ranka ya daɗe Manaja! Yaushe ka iso?"

"Na zo da wuri," in ji shi, "na ce bari in ɗan gyara kai kafin in hau." Ya shafa gefen da babu gashi. "Waɗannan su ne akwatunan?"

Kafin ta buɗe baki, duk lasifikokin benen suka yi gyaran murya tare.

"Haba 'yar albarka," in ji muryar Na-Iya, a tausashe, daga kowane bango. "Haba kwamfuta. Ki rufa mini asiri. Me na yi miki? Ɗan layi nawa na goge?"

Kowa a harabar ya ɗaga kai yana kallon bango.

"To na ji, da yawa ne. Amma ai laifinki ne, da kin rubuta su yadda mutum zai gane. Wallahi ko ɗaya ban san aikinsa ba. Duk wanda ban gane ba na share shi, to da me zan yi masa? Ina ma maɓallin komawa baya yake? Dogo ya ce dannawa ɗaya ne. Wanne ne a ciki? Ba zan tambayi Dogo ba, kansa zai kumbura."

Madam ta rufe ido.

"In Madam ta tambaya sai in ce wuta ce ta kawo da ƙarfi. Ai ita ba ta san komai ba, in ka ce mata kanel sai ta gyaɗa kai. Manajan nan kuwa me ya sani? Mutumin tasha, in ya ji hon ya ji kiɗa."

Manajan ya cire mayafin aski daga wuyansa a hankali, ya ninke shi.

"Ni matsalata Inna ce. In ta ji wannan, har jikokina sai sun ji. Matar da in ta fara labari sai batirin agogo ya ƙare. Kwana biyu ta ce za ta yi, ga shi har ta san sunan kowane maƙwabci."

Surukar ta dubi 'yarta. "Muryar mijinki ce wannan?"

"Kama ce, Inna."

"Shi ne direban?"

Aka ji Na-Iya ya ja dogon numfashi. "Bari in fita in yi fuskar manya. Mutane fuska suke kallo." Har ƙarar gyara kwalar rigarsa sai da aka ji.

Ya sauko ta lif. Ƙofa ta buɗe, ya fito ƙirji a gaba, kwamfutar a hammata, murmushi har kunne. Ya ga taro ya ɗauka tarbarsa aka zo yi.

"Jama'a, ku kwantar da hankali, na shawo kan lamarin. Wuta ce ta kawo da..."

"Da ƙarfi," in ji taron gaba ɗaya.

Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya dubi Madam.

"Kanel," in ji ta, ta gyaɗa masa kai a hankali. Ta miƙa hannu ta karɓi kwamfutar, ta ɗora a kan teburin mai gadi, ta yi danne-danne kaɗan. Akwatunan suka mutu, suka farfaɗo da tsohon direban Mai Gilashi, kiɗa ya dawo shagon aski yadda yake.

Na-Iya ya juya wurin mai rabin aski. "Bawan Allah, wa ya yi maka wannan aika-aika a ka?"

"Mutumin tasha ne ni," in ji manajan. "In na ji hon na ji kiɗa."

Madam ta yi saurin cewa dattijon da ke kula da akwatunan hutu ya tafi. Manajan ya daɗe yana kallonsa, sai kuma cikinsa ya fara motsi, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce wa Madam, "Gaskiya lasifikarku tana kai magana. Daga saman bene har nan ko harafi bai faɗi ba. Zan sake dawowa in dattijon naku ya dawo, mu yi magana. Amma da sharaɗi: wannan, ko tikiti ya saya, kada ya shigo mini tasha."

Madam ba ta kore shi ba. Ta canza kalmar sirri, ta sa shi bin ofis-ofis yana ba da haƙuri. Likita ta ce ta yafe, amma ya buɗe baki ta duba, ya ce yana sauri. Mai aski ya ce ya zauna a yi masa kyauta, ya ce bai daɗe da yin aski ba.

Da yamma suka koma gida. Suna shiga surukar ta zauna a falo, ta ɗauko 'yar rediyonta ta kunna. Rediyon ta ɗan yi shuu kafin tasha ta kama.

Kunnen Na-Iya ya motsa. Ya matso. "Inna, wannan shuu ɗin ƙaramin abu ne. Kawo in..."

Tsohuwa ta rungume rediyon a ƙirji, ta miƙe da saurin da ba a san tana da shi ba, ta shige ɗaki. Aka ji makulli, aka ji ta jawo kujera ta tokare ƙofar.

Na-Iya ya juyo wurin matarsa. "Kin gani? Ba ta son ta wahalar da ni."

"Haka ne, Baban yara," in ji ta, tana zare wayar talabijin daga bango ta cusa a jakarta.